Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamanmu masu koyar da harshen C da tsarin aikin kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, ina gaishe ku da aiki, ina kuma neman afuwa tun daga farko, domin ɗalibi ne zai yi magana a gaban waɗanda suka koya masa. A hannunku na fara ganin harshen C a kan allo, yau kuma da shi nake neman abinci, ina rubuta direbobi, wato manhajojin da ke haɗa na'ura da tsarin aiki, na ƙananan na'urori masu aiki da tsarin Linux. Akwai abu guda da aiki ya koya mini da zafi, wanda na tabbata wurinsa aji ne, shi ya sa na rubuto muku a fili, inda ɗalibanku ma za su karanta.

Maganar a kan 'yan haruffa ce. Duk lokacin da aka cusa filash, ko madannai, ko kebul ɗin waya a kwamfuta, tsarin aiki yakan tambayi baƙon da ya shigo: wane ne kai, wa ya ƙera ka, mece ce lambarka? Sai na'urar ta amsa da ɗan gajeren rubutu. Mai karɓar amsar shi ne direba, shi kuwa direba a cikin kanel, wato zuciyar tsarin aiki, yake zaune, can ƙuryar gida inda babu sauran mai gadi a bayansa. Idan manhajar rubuta takarda ta yi tuntuɓe, ita kaɗai ke faɗuwa. Idan direba ya yi tuntuɓe, da gidan gaba ɗaya yake faɗuwa, wani lokaci ma ya bar wa ɓarawo makulli. Abin da nake roƙo shi ne ku sa a zuciyar kowane ɗalibi cewa abin da na'ura ta faɗa game da kanta da'awa ce kawai, kuma ba a karɓar da'awa sai an auna ta.

Ga abin da ya taɓa faruwa. A shekarar 2011 wani mai binciken tsaro na kamfanin MWR InfoSecurity, Rafael Dominguez Vega, ya duba direban Linux mai suna caiaq, wanda ke kula da kayan sauti na kamfanin Native Instruments da ke Jamus. Ya tarar direban yana ɗaukar sunan da na'ura ta ba kanta yana zuba shi da strcpy, aikin C mai kwafar rubutu ba tare da duba girman wurin zubawa ba, a cikin ma'aji mai cin bayit 80, wato kimanin haruffan Turanci 80. Ƙa'idar USB kuwa ta yarda suna ya kai haruffa 126. Kayan kamfanin na gaskiya sunayensu gajeru ne, don haka shekaru suka wuce babu wanda ya ga komai. Amma duk wanda ya haɗa 'yar na'ura ta ce ita ta kamfanin ce, sannan ta ba da dogon suna, to rarar haruffan za su malala kan abin da ke maƙwabtaka da ma'ajin a cikin ƙwaƙwalwar kanel. An yi wa lahanin rajista da lamba CVE-2011-0712. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin shi ne mai kwamfutar ba ya bukatar ya taɓa mallakar kayan Native Instruments a rayuwarsa. Linux yana duba lambar shaidar da na'ura ta faɗa, ya ɗauko direban da ya dace da kansa. Ita ma lambar shaidar na'urar ce ta faɗe ta. Wato baƙo ne ke zaɓen wanda zai tarbe shi, kuma mugun baƙo zai zaɓi wanda ya fi kowa sakaci.

Da a ce kowane ɗalibi zai zauna ya ga yadda sunan USB yake a zahiri, bayit bayan bayit, da rabin aikin ya ƙare. Bayit na farko shi ne tsawon bayanin, don haka ba ya wuce 255. Na biyu lamba 3 ce, alamar cewa rubutu ne. Sauran haruffa ne a tsarin UTF-16, kowane harafi bayit biyu, ƙaramin yana gaba. Babu sifili a ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa ya rushe abin da ɗalibi ya saba, domin a aji an koya masa cewa rubutu a C yana ƙarewa da bayit ɗin sifili, kuma duk ayyukan da ya sani, daga strlen zuwa printf, wannan sifilin suke nema kafin su tsaya. Sannan tsawon da na'urar ta faɗa zai iya saɓa wa abin da ta aiko. Za ta iya cewa 200 ta aiko 10. Za ta iya ba da tsawo mara, alhali haruffan bibbiyu suke tafiya. Za ta iya amsa abu guda a tambayar farko, ta amsa wani daban a ta biyu. Ku buɗe wa ɗalibai fayil ɗin message.c da ke sashen USB na kanel, su karanta usb_string da ƙananan ayyukan da ke taimaka masa. Za su ga yana kwatanta abin da aka faɗa da abin da ya iso ya ɗauki ƙarami, yana zubar da bayit ɗin da ya yi saura, yana mayar da haruffan zuwa tsarin UTF-8, wanda Linux ke amfani da shi, gwargwadon girman ma'ajin da aka ba shi, sannan ya sa sifilin da hannunsa. Kusan kowane layi a wurin tabo ne na wata na'ura da ta taɓa yin ƙarya. Mai sayen hatsi a kasuwa ba ya karɓar buhu don mai sayarwa ya ce tiya arba'in ce, da kwanonsa yake awo, kuma abin da wannan aikin ke yi ke nan.

USB ɗaya ce cikin jama'a, kowace ƙa'ida da nata salon. Faifan da ke magana da harshen SCSI, har da yawancin filash ɗin da muke amfani da su, yana ba da sunan kamfani a bayit 8, sunan kaya a 16, lambar siga a 4, a cike gurbin da ya rage da sarari, babu sifili. Faifan ATA yana ba da suna a bayit 40 da lamba a 20, kuma kowane bayit biyu a juye suke. Allon kwamfuta yana faɗin sunansa a haruffa 13, ya rufe da alamar sabon layi. Sunan Bluetooth yana kaiwa bayit 248, na Wi-Fi kuma 32, waɗanda ƙa'ida ba ta ma tilasta su zama haruffan karantawa ba.

A nan ne ni ma na yi kuskure. A wani wurin aiki na rubuta layin da ke karanta lambar faifan NVMe, wadda ke zaune a gurbi mai bayit 20, na ɗauke ta kamar rubutun C na yau da kullum. Faifan da muka yi gwaji da su suna cike ragowar gurbin da sifili, sai komai ya tafi daidai. Da aka kawo wasu masu bin ƙa'ida, masu cikewa da sarari, sai karatun ya tsallake katanga ya shiga gurbin sunan faifan, daga nan ya shiga na lambar siga, domin a jere suke. Bayanan da muke ajiyewa suka daina dacewa da juna, muka yi kwanaki muna nema. Babu mugu a labarin nan, kaya ne kawai suka bambanta. Amma na zauna na yi tunani: da abin da ke bayan gurbin sirri ne na kanel, da na kwashe shi na miƙa wa duk mai iya karanta fayil ɗin. Mu kan tsorata da rubutu ya wuce iyaka, mu manta karatu ma yana wuce iyaka, kuma shi ba ya ko ƙara, shiru yake yin ɓarnarsa.

Yanzu ga inda nake ganin koyarwa ta tsaya a baya. Har yau akwai takardun darasi da ke gabatar da strcpy a matsayin hanyar kwafar rubutu, in an ci gaba kaɗan a ce strncpy ita ce mai aminci. Ba haka ba ne. An ƙirƙiri strncpy ne don gurabe masu ƙayyadadden tsawo irin sunayen fayil na tsohon Unix, kuma idan rubutun ya cika gurbin ba ta sa sifili, sai ta bar wa na gaba tarko. Mutanen tsarin aikin OpenBSD sun fito da strlcpy a 1998 don gyara wannan, kuma da ita aka toshe ramin caiaq. Sai dai ita ma tana da nata aibin: tana ƙirga tsawon rubutun asali gaba ɗaya, ko da kaɗan za ta kwafa, don haka idan asalin ba shi da sifili za ta yi ta tafiya cikin ƙwaƙwalwar da ba tata ba. Linux ya shigo da strscpy a siga 4.3, shekarar 2015, wadda ba ta karanta fiye da girman ma'ajin da za ta zuba a ciki, kuma tana dawo da alamar kuskure idan ta datse rubutu. Aka yi shekaru ana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya ana sauyawa, har aka cire strlcpy daga kanel baki ɗaya a siga 6.8, shekarar 2024. Ko strscpy ɗin ma ba ta warkar da komai ba, domin idan gurbin asali ya fi ma'ajin ƙanƙanta kuma ba shi da sifili, za ta iya tsallake shi. Shi ya sa Kees Cook, mai aikin tsaron kanel, da abokan aikinsa suka ƙaro memtostr da strtomem, da kuma alamar da ake sa wa gurbi don a san cewa shi tarin bayit ne, ba rubutun C ba ne. Ban kawo wannan jerin don a haddace sunaye ba, sunayen za su sake canzawa. Na kawo shi don ɗalibi ya saba da tambayoyin da ke ƙarƙashinsu: nawa ne girman inda nake karantawa, nawa ne girman inda nake zubawa, wa ya ba ni waɗannan lambobi, kuma wa zai sa sifilin? A Windows ma tambayoyin ke nan, inda UNICODE_STRING ke ɗauke da tsawonsa a bayit ba a haruffa ba, kuma babu alkawarin sifili a ƙarshensa.

Tsawo rabin matsalar ne. Ɗaya rabin shi ne abin da rubutun ya ƙunsa, da kuma hannun da zai faɗa bayan ya bar direba.

A 2012 aka gano cewa X.Org, manhajar da ke zana allo a yawancin kwamfutocin Linux na wancan lokaci, tana cusa sunan madannai ko linzami a cikin ƙa'idar bugawar kundin rahotonta, wato wurin da ake ɗaukar alamar % a matsayin umarni. Na'urar da ta sa wa kanta suna mai %n za ta iya kayar da ita, domin %n umarni ne na rubutawa a ƙwaƙwalwa. Shekara tara bayan haka, a watan Yunin 2021, wani mai bincike, Carl Schou, ya sa wa Wi-Fi ɗinsa suna %p%s%s%s%s%n, ya haɗa iPhone da shi, Wi-Fi ɗin wayar ya mutu, sai da Apple ya fitar da gyara a iOS 14.7. Kamfani mai wannan dukiya da wannan tarin injiniyoyi, amma kuskuren dai shi ne wanda ɗalibin shekarar farko ke yi idan ya rubuta printf(suna) maimakon printf("%s", suna). Kanel na Linux ya daɗe da daina aiki da %n, kuma mai harhaɗa manhaja yana iya yin gargaɗi idan an kunna masa -Wformat-security. Ku kunna shi a kwamfutocin ɗakin gwaji, ku mayar da gargaɗin kuskure, yadda aikin ɗalibi ba zai harhaɗu ba sai ya gyara.

Na KDE, masu manhajar fuskar allo ta Linux mai suna Plasma, ya fi waɗannan ban tsoro saboda sauƙinsa. A farkon 2018 aka bayyana cewa a Plasma, kafin siga 5.12.0, idan sunan filash ya ƙunshi alamomin da harsashin umarni, wato manhajar da ke aiwatar da umarnin da aka rubuta mata, ke ganewa, irin $( ), to buɗe shi ta akwatin sanarwa zai sa a aiwatar da abin da ke ciki a matsayin umarni. Sunan bai wuce haruffa 11 ba. A nan kanel bai yi laifi ba, ya miƙa sunan yadda ya karɓa, na sama ne ya amince da shi don ya fito daga tsarin aiki. Darasin da na ɗauka shi ne rubutun na'ura ba ya zama mai tsarki don ya ratsa ta cikin kanel. Alamar sabon layi a cikin suna za ta iya ƙirƙirar layin ƙarya a kundin rahoto. Haruffan sarrafa allo za su iya goge abin da mai kula da kwamfuta yake karantawa. Don haka ne sashen SCSI ke mayar da duk abin da ba harafin bugawa ba ne sarari, udev, mai ba na'urori suna, ke sauya alamomi masu haɗari da layin ƙasa, dmesg, mai nuna rahoton kanel, ke nuna su a matsayin lambobi, kanel kuma ke da %*pE don buga tarin bayit ba tare da ya cuci mai karatu ba.

Na san abin da wasu za su ce, na sha ji: wanda ya kai hannu ga kwamfutarka ai ya riga ya gama da kai, mene ne na wahala? Wannan magana ta yi daidai a zamanin da kwamfuta ke kulle a ofis. Yau kanel ɗin Linux yana cikin aljihun kowa, domin shi ne zuciyar Android. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan wani ɗalibi ɗan gwagwarmaya a ƙasar Sabiya, wanda aka buɗe wayarsa tana kulle yayin da yake tsare a Disambar 2024, da kayan kamfanin Cellebrite, ta hanyar na'urorin USB na ƙarya da suka bi ta ramukan direbobin kanel. Waɗancan ramuka a bayanan da na'ura ke bayarwa suke, ba a sunanta kai tsaye ba, amma cutar ɗaya ce, direba ya yarda da abin da aka faɗa masa. Mu kuwa a nan waya tana kwana a shagon caji, tana wuni a teburin mai gyara, filash guda yana zaga aji da shagon buga takardu da ofis a rana ɗaya, kuma wayoyi da yawa a hannun mutanenmu sun daina samun gyaran tsaro. Mun fi masu wancan zance bukatar direba mai tsantseni. Ko an cire mugunta ma, kayan araha da na jabu sun cika kasuwa, masu lamba iri ɗaya a kan dubban kaya, masu suna cike da shirme. Duk wanda ya taɓa ganin kwamfuta tana kiran kanta To Be Filled By O.E.M., wato mai ƙerawa ne zai cike, ya san ko masu ƙera kaya ba kullum suke cike gurbin ba.

Kada kuma a ɗauka ramukan sun ƙare. Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a 2014 cewa ana iya sauya manhajar cikin filash ya koma wani abu daban. Andrey Konovalov na Google ya yi amfani da syzkaller, wanda ke jefa wa kanel bayanan shirme ba dare ba rana, ya bayyana lahani 14 a direbobin USB a Nuwambar 2017. A 2020 Hui Peng da Mathias Payer, da kayan gwajinsu USBFuzz, sun samo sababbi 26: 18 a Linux, 4 a Windows, 3 a macOS, 1 a FreeBSD.

Akwai wani gefe da ya shafe mu mu masu ƙ da ɗ da ɓ, kuma ina so in tsaya a kansa. Hanya mafi sauƙi ta tsabtace rubutu ita ce a zubar da duk abin da ba harafin Turanci ba. A da usb_string kansa alamar tambaya yake sawa a madadin irin waɗannan haruffa, kafin a mayar da shi UTF-8. Idan muka koya wa ɗalibai cewa aminci shi ne share duk baƙon harafi, to su ne gobe za su rubuta manhajar da ke mayar da Ɗanladi alamar tambaya da anladi, ta kuma ƙi karɓar ajami sam. Harafin ƙ ba shi da haɗari. Abin da ake bukata shi ne lissafi: bayit biyu yake ci a UTF-8, wasu haruffan duniya suna cin uku daga gurbi guda na UTF-16, don haka haruffa 126 za su iya zama bayit 378 kafin a ƙara sifili. Wanda ya tanadi 128 ya yi kuskure, wanda kuma ya datse a tsakiyar harafi ya bar wa na gaba rubutu gurgu. Masu haɗarin su ne haruffan sarrafawa, da irin alamar U+202E da ke juya alƙiblar rubutu don ta ɓoye ainihin suna. A koya wa ɗalibi ya bambance su.

Malamaina, na san halin da ɗakunan gwajinmu suke ciki, na san wuta ba ta tsayawa, na san aji guda yana ɗaukar ɗalibai fiye da ƙima. Abin da nake roƙo ba ya bukatar sayen kaya. Linux yana da dummy_hcd, wanda ke ƙirƙirar mashigar USB ta ƙarya a cikin kwamfutar kanta, da raw-gadget da ya shigo a siga 5.7, wanda ke ba ɗalibi damar zama na'urar da kansa ya amsa abin da ya ga dama. A haɗa su da QEMU, mai kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, da KASAN, mai kama duk karatu ko rubutun da ya tsallake iyaka ya faɗi layin da abin ya faru, a kan laftof ɗin ɗalibi guda. A raba aji biyu: rabi su rubuta ƙaramin direba mai karanta suna ya nuna shi, rabi su zama na'ura maƙaryaciya, mai dogon suna, mai tsawon ƙarya, mai % da sabon layi a ciki, mai sauya amsa. Mako mai zuwa a musanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗalibin da ya ga abokin zamansa ya kayar masa da kanel da haruffa ɗari ba zai sake rubuta strcpy da sanyin jiki ba. A wajen ba da maki kuma, aikin da ke tafiya da suna mai kyau kaɗai kada ya sami cikakken maki. Masu sha'awar harshen Rust, wanda ya shiga kanel tun siga 6.1 a ƙarshen 2022, a ƙarfafa musu gwiwa, domin a can tarin bayit yana tafiya da tsawonsa. Amma a gaya musu Rust ba zai hana su miƙa $( ) ga harsashin umarni ba.

Ina roƙon shugabannin sassa su sa wannan gwaji a darasin tsarin aiki na zangon karatu mai zuwa, ko da mako biyu ne, su kuma duba takardun darasin C su cire strcpy da gets, wadda ita ma ba ta duba girman ma'aji, daga misalan da ake kwafa a allo. Mu tsofaffin ɗalibanku da ke wannan aiki a shirye muke mu rubuta direban gwajin da na'urar ƙaryar, mu zo mu zauna da ɗalibai ranar da za a fara, idan kun ba mu izini.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri da mu.

Ɗalibinku.